Shanun nama ruwa biyu da maganar rajista: me takardar take nufi ga mai kiwon kasuwa?

Wai shin saniyar da aka haɗa jininta, uwa jinsi daban uba jinsi daban, ana yi mata rajista kuwa? In ana yi, to me rajistar za ta ƙara wa mutumin da shi kiwonsa na kasuwa ne, ya samu maruƙa ya raina ya sayar a yanka? Wannan tambayar ta daɗe tana yawo tsakanin masu kiwo, duk sanda wani ya ɗora hoton ƙaton bijimi a Facebook ya rubuta "ruwa biyu ne, da takardarsa" sai ka ga an rabu gida biyu. Wasu su ce yaudara ce kawai, ruwa biyu ai ba shi da asali balle a yi zancen takarda, wasu kuma su ɗauka tunda dai akwai takarda shikenan, duk abin da bijimin nan ya haifa kamarsa zai fito. Kowane ɓangare akwai inda ya kuskure, kuma abin da ya sa nake ganin ya kamata a zauna a warware maganar shi ne kuskure a harkar shanu yana da tsada sosai kuma ba ya nuna kansa da wuri. Ciki kaɗai wajen kwana 283 ne, karsanar da aka haifa kafin ita ma ta haihu an yi shekara biyu zuwa uku, kaga kenan bijimin da ka saka a garke bana sai nan da shekara huɗu ko biyar za ka gane ainihin abin da ya bar maka.

Da farko, ruwa biyu kala-kala ne

Shanun duniya manyan gidaje biyu ne. Akwai marasa tozo, irin su Angus da Hereford da Shorthorn na Birtaniya, Charolais da Limousin na Faransa, Simmental na Siwizalan, Gelbvieh na Jamus. Waɗannan suna balaga da wuri, namansu ya fi laushi, amma zafi da kaska suna wahalar da su. Sannan akwai masu tozo waɗanda tsatsonsu daga Indiya yake, irin su Nelore da ta cika Burazil, da Brahman wadda aka haɗa a Amurka daga shanun Indiya har aka kafa mata ƙungiya a 1924. Su kuma masu tozo suna jure zafi da kaska da ƙarancin ciyawa, amma suna jinkirin balaga.

In ka ɗauki jinsi tsantsa guda ka yi barbara da wani jinsi tsantsa, ɗan da aka samu shi ake kira F1, rabi da rabi. In ka haɗa F1 da F1 ka samu F2. In kuma aka haɗa jinsi biyu ko uku ko huɗu a kan wani lissafi tsayayye, aka ci gaba da barbara a tsakaninsu ana tacewa shekara da shekaru har kamanninsu ya zauna, wannan ya zama haɗaɗɗen jinsi, yana da sunansa da ƙungiyarsa. Sai na ƙarshe wanda shi ya fi yawa a duniya, garken da bana wannan bijimin ya hau, baɗi wancan, babu wanda ya san wa ya haifi wa. Duka huɗun mutane suna ce musu ruwa biyu, daga nan rikicin yake farawa, dan mai suka yana maganar na huɗun ne mai yabo kuma yana maganar na ɗaya ko na uku.

Ina ƙarfin ruwa biyu yake fitowa?

Turawa suna ce masa hetarosis, wani masanin tsirrai George Shull ne ya raɗa sunan a 1914 yana aiki a kan masara. Ma'anarsa a sauƙaƙe: ɗan da aka samu daga jinsi biyu yana wuce tsaka-tsakin iyayensa. A matsayin misali kawai, a ce maruƙan jinsi na farko suna kai kilo 200 lokacin yaye, na biyu kilo 220. Tsakiyarsu 210 kenan. In ɗan haɗin ya zo da 220, wannan kilo 10 ɗin da ya hau kai shi ne ƙarfin ruwa biyu. A lura, ba lallai ya wuce wanda ya fi a cikin iyayen ba, tsakiyar ake dubawa.

Dalili kuwa, kowace dabba tana ɗauke da ƙwayoyin gado bibbiyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. A cikin jinsi tsantsa, saboda an daɗe ana auratayya a cikin dangi, sau da yawa biyun iri ɗaya suke zuwa, in mai rauni ce to raunin ya zo sau biyu babu mai rufa masa asiri. Da zarar an kawo jini na nesa sai lafiyayyar ƙwaya daga ɓangare guda ta rufe mai rauni ta ɗaya ɓangaren. Shi ya sa duk yadda jinsunan suka yi nisa da juna haka ƙarfin yake ƙaruwa, mai tozo da marar tozo sun fi bada ƙarfi a kan Angus da Hereford da suke maƙwabta.

Yanzu ga wurin da nake so a tsaya a kai sosai, dan nan ne mafi yawan mutane suke kallon gefen da ba shi ba. Idon kowa yana kan maraƙi, ya yi girma, ya yi faɗin baya, ya yi cinya. Amma halayen da ruwa biyu ya fi gyarawa su ne waɗanda ba a gani a hoto: ɗaukar ciki da wuri, riƙe cikin, rayuwar maraƙi bayan haihuwa, nono, da tsawon shekarun da saniya za ta yi tana haihuwa. Waɗannan halaye gadonsu yana da rauni, wato ko ka zaɓi saniya mai yawan haihuwa ba lallai 'yarta ta gaje ta sosai ba, zaɓe yana tafiyar hawainiya a nan. Su kuma halayen nama kamar kitsen da ke ratsa tsoka da faɗin tsokar baya, gadonsu yana da ƙarfi, zaɓen bijimi mai kyau ke kawo su, haɗin jini ba ya ƙara musu wani abin kirki.

Binciken da masana na ma'aikatar noma ta Amurka suka yi a jihar Nebraska, irin su Keith Gregory da Larry Cundiff da Robert Koch, a kan Hereford da Angus da Shorthorn, ya nuna abin ƙarara. Sun auna kilo nawa na maraƙi ake yayewa a kan kowace saniya da aka kai wa bijimi. In uwar tsantsa ce maraƙin ne kawai ruwa biyu, ƙarin wajen kashi 8 da rabi cikin 100 ne. In uwar ita ma ruwa biyu ce, ƙarin gaba ɗaya ya kai wajen kashi 23. Wato kusan kashi biyu cikin uku na ribar daga uwa take fitowa. Sannan saniya ruwa biyu ta fi tsantsa daɗewa tana haihuwa da fiye da shekara guda. Mutumin da yake sayar da karsanunsa F1 masu kyau dan sun yi kuɗi, ya bar tsofaffin shanun da yake da su, gaskiya ya sayar da ribar ne ya riƙe wahalar.

Abin da ke faruwa a zagaye na biyu

Ƙarfin nan ba a gadonsa yadda ake gadon launi. Yana fitowa ne daga bambancin uwa da uba, in bambancin ya ragu shi ma ya ragu. F1 yana da shi cikakke. Ka haɗa F1 da F1 irinsa, rabi ya tafi. Wannan shi ne amsar masu cewa "na sayi bijimi ruwa biyu mai kyau amma jikokinsa ba su yi kamarsa ba".

Kuma ba ƙarfi kaɗai ke raguwa ba, kamanni ma watsewa yake. Ɗauki Angus baƙi marar ƙaho ka haɗa da Hereford ja mai farar fuska mai ƙaho. Maruƙan farko duk za su fito baƙaƙe, fuska fara, babu ƙaho, kamar an buga su a inji ɗaya, dan baƙi yana danne ja, rashin ƙaho yana danne ƙaho, farar fuska ita ma tana dannewa. Mai saye yana son haka, ya kalli maruƙa talatin ya ga tsayi ɗaya launi ɗaya. To ka haɗa waɗannan a tsakaninsu ka gani, wajen ɗaya cikin huɗu zai fito ja, wajen ɗaya cikin huɗu zai fito da ƙaho, wani da farar fuska wani babu. Jan da ƙahon suna nan kwance a jinin tun farko, rufe su kawai aka yi.

To ya ake riƙe ƙarfin?

Hanyar da ta fi bada kilo ita ce a samu uwaye F1 masu matsakaicin jiki, masu haihuwa da nono, a kawo musu bijimi na jinsi na uku mai girma da tsoka kamar Charolais, sannan duk abin da aka haifa, mace da namiji, a sayar. Ba a ajiye karsana ko ɗaya. Uwa tana da cikakken ƙarfi, maraƙi yana da cikakken ƙarfi, kuma ba ka ciyar da manyan uwaye masu cin ciyawa da yawa. Matsalarta ɗaya, duk shekara garke yana buƙatar sabbin karsana wajen kashi 15 zuwa 20 cikin 100 dan maye gurbin tsofaffi da juya, kuma tunda ba ka ajiye naka dole ka saya a wajen wani, ka dogara da gaskiyarsa da lafiyar garkensa.

Hanya ta biyu karɓa-karɓa. Jinsi biyu, 'ya'yan bijimin A a kai su ga bijimin B, 'ya'yan B a mayar da su ga A, haka har abada. Bayan 'yan zagaye ƙarfin yana tsayawa a kashi 67 cikin 100 na abin da F1 ke da shi. In jinsi uku ne ya tsaya a 86. A takarda abin yana da daɗi, amma a fili yana nufin shinge biyu ko uku lokacin barbara, bijimai biyu ko uku, kuma dole ka san uban kowace saniya. Mai shanu ashirin da biyar wanda bijimi ɗaya ya ishe shi, wannan tsarin nauyi ne a kansa.

Saboda wannan nauyin ne aka koma hanya ta uku, haɗaɗɗen jinsi. Ka sa bijimin jinsin a kan shanun jinsin kamar yadda ake yi da tsantsa, garke ɗaya shinge ɗaya, amma wani kaso na ƙarfin yana nan. In jinsi huɗu aka haɗa daidai wa daida, kashi 75 ake riƙewa. In biyu ne rabi da rabi, 50. In uku bisa takwas da biyar bisa takwas ne, wajen 47. Sharaɗin shi ne kar a koma auratayyar dangi a ciki, in aka yi ta amfani da bijimi ɗaya da 'ya'yansa da jikokinsa ƙarfin zai zube kamar ba a taɓa haɗawa ba.

Jinsunan da suka fara a ruwa biyu suka zama masu suna

Masu cewa ruwa biyu ba shi da asali ya kamata su duba tarihi. Santa Gertrudis a gandun King Ranch da ke Texas aka haɗa ta, Brahman uku bisa takwas Shorthorn biyar bisa takwas, kusan duk jinsin yana komawa ga wani bijimi guda mai suna Monkey da aka haifa a 1920, kuma a 1940 gwamnatin Amurka ta amince da ita a matsayin jinsi. Brangus, Brahman uku bisa takwas Angus biyar bisa takwas, an kafa ƙungiyarta a 1949 a Oklahoma. Lissafinta ma a bayyane yake: ka haɗa dabba mai Brahman uku bisa huɗu da Angus tsantsa, ko mai Brahman ɗaya bisa huɗu da mai rabi da rabi, duk za su ba ka uku bisa takwas.

Biyun da suka fi burge ni su ne Beefmaster da Bonsmara, saboda yadda masu su suka yi tunani. Tom Lasater da ya haɗa Beefmaster daga Brahman da Hereford da Shorthorn tun shekarun 1930, bai damu da launi ba sam. Abubuwa shida ya tsaya a kai: nauyi, ƙirar jiki, nono, haihuwa, juriya, da sanyin hali. Saniyar da ba ta kawo maraƙi ba tana barin garke. A Afirka ta Kudu kuma Farfesa Jan Bonsma ya yi aikinsa a tashar bincike ta Mara, ya haɗa Afrikaner, saniyar gida ta ƙasar, biyar bisa takwas da Hereford da Shorthorn kowanne uku bisa sha shida, aka haɗa sunansa da na tashar aka samu Bonsmara. Abin da ya bambanta ta shi ne tun farko da sikeli da awo aka gina ta, kuma ba a karɓar dabba a rajista sai da bayanan awonta da duba na ido. Ostareliya ma tana da Droughtmaster, Burazil tana da Canchim. Duk sun taso ne daga matsala guda, shanun Turai suna da nama amma suna faɗuwa a zafi, masu tozo suna tsayuwa amma naman da girman ba su kai ba.

Ita rajistar fa, mece ce?

A nan ma abu biyu ake cakuɗawa. Akwai rajistar hukuma, wadda ake maƙala wa dabba lamba a kunne dan a san daga wane garke ta fito, ina ta bi, ina aka yanka ta, saboda in cuta ta ɓarke a iya bin sawu. Ƙasashen Tarayyar Turai da Ostareliya suna da irin wannan kuma dole ne, kowace saniya ake yi wa, mai kyau da marar kyau. Wannan ba ta cewa komai a kan ingancin jini.

Sai rajistar ƙungiyar jinsi, wadda ita ake nufi in an ce "mai takarda". Asalinta littafi ne, na farko a shanu shi ne na Shorthorn da George Coates ya fitar a Ingila a 1822, ana rubuta wane ɗan wane ne. Har yau aikin kenan. Wasu ƙungiyoyin littafinsu a rufe yake, in uwa da uba ba sa ciki ɗa ba zai shiga ba. Wasu a buɗe, suna barin a hau tsani: ka sa bijimi tsantsa a kan saniyar gama-gari ka samu kashi 50, ka sake sa wa 'yarta ka samu 75, sai 87.5, sai 93.75, a ɗaya daga matakan nan biyu na ƙarshe, gwargwadon dokar ƙungiyar, sai a ƙidaya ta cikin tsantsa. Amma a sani, duk matakin da ka hau a tsanin nan ƙarfin ruwa biyu kake zubarwa, hanya ce ta mai son sayar da iri, ba ta mai neman kilo ba.

Sannan akwai ƙungiyoyin da suke yi wa ruwa biyu rajista kai tsaye a matsayinsa na ruwa biyu. A Amurka ƙungiyar Simmental tana rajistar SimAngus, ta Gelbvieh tana rajistar Balancer, ta Limousin tana rajistar Lim-Flex. Takardar za ta nuna kaso nawa na kowane jini ke jikin dabbar. Dan haka amsar tambayar farko ita ce e, ana yi, kuma ba yaudara ba ce in daga ƙungiya ta gaskiya ta fito.

Yadda ake yi kuwa aiki ne na yau da gobe. Saniya ta haihu da asuba, kafin kwana ya zagayo mai garke ya je da sikeli da abin huda kunne da littafi, uwar tana huci tana zagaye shi, ya ɗaga maraƙin da jikinsa bai gama bushewa ba ya auna, ya maƙala lamba, ya rubuta rana, lambar uwa, lambar uba, mace ne ko namiji, da kanta ta haihu ko sai da aka ja. Lokacin yaye a sake aunawa a daidaita nauyin zuwa kwana 205 kamar yadda ake yi a Amurka dan a iya kwatanta wanda aka haifa da wuri da wanda ya zo a makare, a shekara guda a sake aunawa. In akwai shakka a kan uba, ko bijimin za a riƙa ɗibar maniyyinsa ana sayarwa, a tsinki gashin jela ko ɗan naman kunne a kai gwajin DNA.

Daga waɗannan awon ne ake fitar da lambobin da ake kira EPD a Amurka, ko EBV a tsarin BREEDPLAN na Ostareliya. Hasashe ne na abin da dabba za ta gadar. In bijimi ɗaya yana da EPD na yaye +20 ɗayan +8, ana sa ran 'ya'yan na farko su fi na biyu da 12 a nauyin yaye a matsakaici in an sa su a kan shanu iri ɗaya. In EBV ne sai ka raba bambancin biyu, tunda rabin jini kawai uba ke bayarwa. Kusa da kowace lamba akwai wata da ke nuna yadda za a dogara da ita, ƙaramin bijimin da bai haifi komai ba tasa ƙasa take, tana iya sauyawa in 'ya'yansa sun fara zuwa. Kuma lambar ƙungiya ɗaya ba a ɗora ta kai tsaye a kan ta wata ƙungiyar, ma'auninsu daban, shi ya sa cibiyar bincike ta Clay Center a Nebraska take fitar da lissafin daidaita su.

Abin da takarda ba za ta gaya maka ba

Ba za ta gaya maka bijimin yana iya barbara yau ba. Wannan sai likitan dabbobi ya duba ƙafafu, ya auna kewayen maraina, ya duba maniyyi. Ba za ta gaya maka zai rayu a ciyawarka da zafinka ba. Kuma ba ta wanke jini daga cutar gado. A shekarun 1950 wadanci ya addabi Hereford masu rajista a Amurka, a 2008 kuma aka gano wata cutar gado a Angus da maraƙi ke zuwa matacce da lanƙwasasshen baya, ta yaɗu ne ta hanyar shahararrun bijimai da kowa ke rububin maniyyinsu. Irin wannan cutar sai uwa da uba duk suna ɗauke da ita take bayyana, a ɗaya cikin huɗu na 'ya'yansu. Amma a nan dole a yi wa rajista adalci, saboda akwai littafi ne aka iya bin sawun jinin aka gano inda ya faro, aka fito da gwaji. A garken da babu rubutu sai dai a yi ta binne maruƙa ana cewa tsautsayi.

Me masu suka suke cewa?

Suna da hujja, bai kamata a raina ta ba. Na ɗaya, kasuwa tana son kamanni ɗaya, kuma a wasu wuraren ana biyan ƙari a kan sunan jinsi, kamar shirin Certified Angus Beef da aka fara a Amurka a 1978 wanda ya sa mutane da yawa suka koma baƙar saniya zalla. Na biyu, haɗi marar tsari ya fi tsantsa mai tsari lalacewa. Na uku, wahalar haihuwa. Duk wanda ya taɓa tsayawa cikin dare a kan karsana 'yar shekara biyu, ƙafafun maraƙi sun leƙo kai ya ƙi fitowa, an ɗaura igiya ana ja tana nishi idonta ya juye, ya san abin da ake nufi da saka ƙaton bijimi a kan ƙaramar uwa. Sau da yawa a rasa maraƙin, wani lokacin har uwar, in ta tashi ma ta daɗe ba ta sake ɗaukar ciki ba. Har wanda ya zama uba da wanda ya zama uwa yana da tasiri, bijimin Brahman a kan saniyar Angus yana bada maraƙi mai nauyin haihuwa fiye da in aka juya, musamman in namiji ne. Na huɗu, saniya mai girma da yawan nono cinta ya fi yawa, in ciyawa ba ta kai ba ita ce ta farko da za ta rame ta ƙi ɗaukar ciki.

Ni a ganina duk waɗannan suka ne a kan rashin tsari, ba su rushe ribar uwa ruwa biyu ba. Kuma masu tsantsa su ma ana buƙatarsu, in babu mai riƙe jinsi tsantsa da kyau ina za a samu F1 mai kyau? Bijimi marar inganci da saniya marar inganci in an haɗa su, ɗan zai ɗan fi tsakiyarsu ne kawai, tsakiyar kuwa dama ƙasa take.

Mai garken kasuwa, me ya rage masa?

Yi wa kowace saniya rajistar ƙungiya, ga wanda maruƙansa mayanka za su, kashe kuɗi ne da mahauci ba zai mayar masa ba. Rajista sana'ar mai sayar da iri ce. Inda takarda take yi wa mai kasuwa aiki shi ne wajen sayen bijimi, dan bijimi ɗaya yana hawa shanu 25 zuwa 30 a kaka, rabin jinin maruƙan shekarar nasa ne, kuma in kana ajiye karsana, bijimai ukun ƙarshe da ka saka su ne kashi 87.5 na jinin ƙananan shanunka. A nan ne ya kamata ka karɓi takardar ka duba lambar da ke jikinta ta yi daidai da ta kunnen dabbar, ka nemi lambar a kundin ƙungiyar tunda yawancinsu suna intanet, ka ga kason jinin, ka fara duba lambar sauƙin haihuwa da nauyin haihuwa kafin ta girma musamman in karsana zai hau, ka tambayi sakamakon gwajin cututtukan gado. Takardar da ke ɗauke da sunayen kakanni kawai babu awo ko ɗaya, ta gaya maka dangi ne, ba ta gaya maka aiki ba.

Sauran aikin a littafinka yake. Lamba a kunnen kowace saniya, ranar da ta haihu, bijimin da ya hau ta, nauyin maraƙin ranar yaye. In bijimi ya kai lokacin da 'ya'yansa mata za su shiga barbara, wajen shekara biyu zuwa uku kenan da shigarsa, a canza shi ko a raba su, a kawo wanda jininsa ya yi nesa da nasu. Bayan haihuwa uku ka buɗe littafin, za ka ga saniyar da take kawo maraƙi duk wata goma sha biyu da wadda take tsallake shekara, kuma daga 'ya'yan ta farkon za ka zaɓi karsanun da za ka ajiye.